Ruwan Kwalbar Yaya

Yayana malamin labarin ƙasa ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin ya shiga aji da littafi a hannu ba. Ɗalibai Malam Taswira suke ce masa, don da guntun alli zai zana musu duniya a allo bai ɗaga kai ya duba komai ba. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, har yau da furfura ta cinye mini kai. Ni tela ce. Shagona yana kan titin da ya bi ta bayan makarantarsu, kuma rabin kayan makarantar da yaran nan suke sawa daga kekena suka fito. Saboda haka duk abin da ya faru a aji da safe, kafin la'asar ya iso ni, har da ƙari.

Abin da Yaya yake taƙama da shi a duniya kansa ne. Tsohon ɗalibi zai tare shi a hanya, da gemu da tumbi da 'ya'ya a bayan mota, Yaya ya kira shi da sunansa da na ubansa, ya gaya masa bencin da yake zama da wanda yake leƙa wa amsa. Mutane su riƙe baki. Ni ba na riƙe baki, don na san ba baiwa ce kaɗai ba, har da tsoro. Kullum cikin gwada kansa yake, kamar mai shafa aljihu a kasuwa ya ji ko wayarsa tana nan.

Tsoron nan a wurin Baba muka samo shi. Baba direban babbar mota ne, mutumin da ya san kowace kwana da kowane rami a hanya, amma a ƙarshen rayuwarsa bai san hanyar banɗakin gidansa ba. Ni na yi jinyarsa. Zai ci abinci, in ɗauke kwano, ya ce ana horar da shi da yunwa. Zai saka takalmi ya fita neman motar da aka sayar tun ban yi aure ba, mu bazu a unguwa muna cigiya, a tsinto shi a bakin titi yana ɗaga wa motoci hannu. Da abin ya ishe mu sai muka koyi dabara. Idan ya tambayi mota, mu ce tana wurin makanike. Idan ya tambayi Inna, wadda ta daɗe a ƙasa, mu ce ta je kasuwa. Yaya ya tsani dabarar nan, duk sanda ya yi ta sai ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Bayan rasuwar Baba, muna tattara kayansa a ɗaki, ya riƙe wata hularsa ya ce mini:

"Auta, idan nawa ya zo, ki faɗa mini. Kada ki yi mini dabarar da muka yi wa Baba."

Na ce ya daina mugun fata. Ya ce sai na rantse, na kuwa rantse masa.

Shekaru suka ja. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ta yi aure a nesa, ya rage shi kaɗai a gida, ni nake kai masa abinci idan na rufe shago. Ana nan sai makarantarsu ta sami kwamfutoci da majigi, aka ce daga yanzu yara za su riƙa haɗa bidiyon darasi da kansu. Tsofaffin malamai 'yan'uwansa suka yi ta ƙunƙuni, wai an zo a mayar da aji gidan kallo. Yaya kuwa kamar an ba yaro sabon keke. Shi ya fara koya, shi ya fara sa yaransa.

Na san yadda suke yi, don ya cika mini kunne da bayani ko ina so ko ba na so. Zai raba aji rukuni-rukuni. Ranar rukuninku, ku jingina waya a kan tarin littattafai ku ɗauke shi yana darasi, sannan ku ɗora a wani shafi na intanet inda ake yanke bidiyo a haɗa. Ku cire tari da ƙarar benci, ku sa rubutu da kibiya a inda ya dace, wani ya ɗora muryarsa yana taƙaita bayani. Ya ce yaron da ya zauna ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke, ya koyi darasin fiye da wanda ya kwafe allo. Wanda bai zo makaranta ba kuma ya kalla a gida. Yana da dokokinsa da ba a taɓawa. Ba a sa kiɗan da zai danne magana, ba a yanka babu dalili, kuma ba a taɓa goge na asali, wato bidiyon yadda waya ta ɗauke shi kafin a sa masa almakashi. Yakan ce mini aikinsu ɗaya da nawa, yanka da haɗi. In ce masa ni ƙyallena a shara nake zubawa, ba na ajiye tarkace.

A tsakanin nan na fara ganin wasu abubuwa, na kuma ƙi ganinsu. Ya kawo mini wando in rage masa tsawo, na rage na kai masa. Ba a daɗe ba ya dawo da wandon nan, wai ya yi masa tsawo in rage. Na duba ƙafar, ga ɗinkina nan sabo fil. Amma na karɓa na rataye, washegari na mayar masa ban taɓa ba, ya sa ya ce yanzu ya yi daidai. Wata rana kuma a zama ɗaya ya yi ta tambayata ko 'yarsa ta kira, har na daka masa tsawa na ce ni ba ofishin waya ba ce. Na koma gida na gaya wa kaina gajiya ce, mutum ya kwana yana kallon kwamfuta ai dole kansa ya yi zafi.

Sai ranar da monitar ajinsu ta shigo shagona. Yarinya ce doguwa mai shiru-shiru, ni na ɗinka mata kayanta tun tana ajin farko. Ta miƙo siket wai zif ya lalace. Na ja sama na ja ƙasa, lafiyarsa lau. Na ce ke, ba ni da lokacin wasa. Ba ta tashi ba, ta zauna a kan kujerar masu jira tana murza yatsu, sai na ga idonta ya yi ja. Na cire ƙafata daga keke.

Ta ce satin da ya wuce Malam ya yi musu darasin zaizayar ƙasa, kuma rukuninsu ne ya ɗauka. Na san darasin. Tire yake cikawa da yashi, ya karkata shi, ya riƙa tsiyaya ruwa daga kwalba har ruwan ya haƙa hanya. Ta ce yau aka sa bidiyon a majigi don ya ba su maki. Ana cikin kallo ya ce a tsaya, a koma baya. A nan kwalba kusan cike take, ƙiftawar ido kuma ruwan ya koma gindi, alhali ba a ga ya zuba mai yawa ba. Ya ce wa ya sace masa ruwa? Ya ce wannan mugun yanka ne, yaron da ya kalla a gida zai ɗauka ɗan ruwa kaɗan ne ya haƙa wannan uban rami. Ya ce a buɗe na asali a gani. Babu wanda ya motsa. Sai ya tako da kansa ya danna.

Abin da ya fito a bango, a gaban kowa, shi ne Malam ya yi darasinsa tsaf daga farko har ƙarshe. Ya zuba ruwa, ya yi bayani, ya yi barkwancinsa, aji ya yi dariya, ya tambaya ko akwai mai tambaya. Ya juya ya goge hannu. Da ya juyo sai ya tsaya yana kallon tiren. Can ya sa tafin hannu ya baje yashin, ya ɗauki kwalba ya ce yau za su ga yadda ruwa yake cin ƙasa. Ya sake komai, kalma da kalma, har barkwancin, aji kuma ya sake dariya. Su da suka zo yanka sai suka ɗauki farkon na farko suka haɗa da ƙarshen na biyu, don a na farkon kan wani yaro ya tare waya. Ba su lura da kwalbar ba.

Na tambaye ta ko yau ne farau. Ta girgiza kai. Tun zangon da ya wuce yake yi, wani lokaci darasi guda, wani lokaci 'yar magana. Duk rukunonin sun sani, sun kuma haɗa baki, duk wanda aiki ya faɗo a kansa ya yanke maimaicin ya yi shiru.

Wallahi ban san sanda na miƙe ba. Na wanke yarinyar nan tas, babu abin da ban gaya mata ba. Na ce ku 'yan ƙanana da ku kun mayar da babban mutum abin wasa, kuna zaune kuna ƙyaƙyata masa dariyar ƙarya, mutum yana nutsewa kuna tafa masa. Na ce da kun faɗa tun farko da an kai shi asibiti. Ina faɗa wandon nan yana tsaye a raina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Anti, idan ba mu yi dariyar ba, tsayawa yake ya dube mu, kamar yana neman abin da ya yi. Wannan kallon ne ba ma so."

Na koma na zauna. Na ce to yanzu yana ina? Ta ce ya tsaya ya kalla har ƙarshe, ya tambaya ko sauran ma haka suke, babu wanda ya amsa. Ya ce ya gode, ya rufe kwamfuta ya fita ba a kaɗa ƙararrawa ba.

Na bar shago a buɗe, na ce wa mai kantin kusa ya sa mini ido. Hanyar gidan Yaya ba ta da nisa, amma ranar ta yi mini tsawo. Duk kwanar da na sha sai na leƙa, duk tsohon da na hango a bakin titi sai na tsaya, ina jiran in ga ya ɗaga wa mota hannu. Na tarar da ƙofarsa a buɗe. Yana zaune a teburin cin abinci da takalminsa a ƙafa, yana buɗe na asalin ɗaya bayan ɗaya. Bai amsa sallamata ba, kujera kawai ya jawo mini.

A nan na fara jin barkwancin, ashe a kaina yake. Yana tsiyaya ruwa yana ce wa yara, "Ruwa kamar ƙanwata yake, ba ya sallama, kuma ba ya fita hannu wofi." Da wata rana ce da na ci masa mutunci. Amma abin da ya kaɗa mini hanta ba maimaicin ba ne, ɗan tsakanin nan ne, sanda ya juyo ya tsaya yana kallon tiren. Fuskar Baba ce sak, ranar da ya tsaya a tsakar gidansa yana tambaya gidan waye wannan. Yaya ya tsayar da bidiyon daidai wurin. Ya ce ko na sani? Na gaya masa maganar wando. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kin rantse mini, Auta." Na yi kuka na ce ba zan ƙara ba, daga yau ko mene ne zan faɗa masa.

Muka je asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, likita ya faɗi wani dogon suna, ya ce magani zai rage gudun abin amma ba zai tsayar da shi ba. Yaya da ƙafarsa ya je wurin shugaban makaranta, bai jira an kira shi ba. Ya ƙarasa zangon tare da wani matashin malami a aji, sannan ya ajiye alli. Ranar sallama yaran suka zuba masa duk bidiyoyin a kwamfutarsa, kowanne da na asalinsa a gefe, don dokarsa ce.

Ban yarda ya wuni shi kaɗai ba. Na share masa wuri a bayan shago kusa da inda nake jera yadi, na sa masa kujera mai hannu da ɗan tebur. Da safe mu fito tare, da yamma mu koma tare, don na tattara na koma gidansa. Yana zaune yana kallon bidiyoyin nan a jere yadda ake koyar da su, yana ba su maki da baki, wannan rubutu ya yi ƙanƙanta, wancan ya yi sauri. Tsofaffin ɗalibai idan sun leƙo har yanzu yana kiran sunan ubansu. Jiya da ɗazu ne suke zubewa.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar ɗinki na ji ƙarar tsiyayar ruwa daga bayana. Can sai na ji ya ce, "Auta, zo ki gani. Wa ya sace mini ruwa?" Ya faɗe ta da ɗan murmushinsa na malami ya kama ɗalibi. Na tsayar da keke. Ya manta da ranar gaba ɗaya, amma idon aikinsa yana nan, bai manta yadda ake kama mugun yanka ba.

Na tuna rantsuwata. Na je na durƙusa kusa da shi na gaya masa gaskiya a hankali, cewa ba shi da lafiya, cewa ya maimaita darasin ne yara suka yanke. Ya ce ƙarya nake. Ya buɗe na asali. Na tsaya ina kallon Yayana yana gano abin nan kamar yau aka fara. Gumi ya karyo masa, ya damƙe mini wuyan hannu har sai da ya bar shaida, yana tambaya tun yaushe, yara sun gani, shugaban makaranta ya sani, haka Baba ya fara ko? Ranar ko ruwa bai sha ba. Washegari ya tashi garau, ya tambaye ni me ya sami hannuna.

Ba a yi nisa ba ya sake kaiwa kan darasin. Na sake faɗa masa gaskiya, aka sake komai. Aka kuma sakewa. Shi kowane karo ranar farko ce a wurinsa, ni kuma kowane karo ni ce mai kawo masa labarin. Na zama ko famfo aka buɗe a maƙwabta sai gabana ya yanke ya faɗi. Na ɓata wa mutane ɗinki, na haɗa hannun riga a baibai, abin da ban yi ba ko ina koyo. Na gwada ɓoye bidiyon, na roƙi matashin malamin nan ya cire shi daga jerin. Abin ya fi muni. Yaya ya san bayan darasin ruwan sama zaizaya ce take biye, da bai gan ta ba sai ya ɗauka shi ya ɓatar, ya birkice yana zazzage mini yadi yana nema, dole aka mayar.

Sai na je na tsaya a bakin ƙofar makaranta lokacin tashi, kamar mai jiran ɗanta, har monita ta fito. Ban san ta inda zan fara ba, ni da na wanke ta a shago. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta tuna mini ko kalma ɗaya ba. Ta biyo ni ranar da 'yar Yaya ta zo ta fita da shi. Ta zauna a kujerarsa ta buɗe shafin, ta ce ruwan kwalba ba zai ciku ba, amma za ta iya rufe wurin. Ta ɗora hoton wani kwazazzabo daidai kan yankan, da rubutu a ƙasa, sannan ta matso da sauran bidiyon kusa da yashi yadda kwalbar ta fita daga gani. Na kalla, na sake kalla, ni tela ce amma ban ga ɗinkin ba.

Na ce to saura na asalin. Ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar ta ce Malam ya hana. Na ce na sani, ban ce ta yi ba, ta nuna mini wurin kawai. Ta nuna. Kwamfutar ta tambaya ko na tabbata, na danna da yatsana, na nan da na sauran duka. Duk mai ganin na ci amana ga shago nan, ya zo ya durƙusa a gabansa ya faɗa masa da bakinsa sau ɗaya, sannan mu yi magana.

Da ya kai kan darasin bayan nan, ina zaune na ba shi baya, na kasa kunne. Na ji ruwa yana tsiyaya. Na ji wurin ya zo, na ji ya wuce. Yaya ya yi gyaran murya ya ce wannan rukuni sun iya aiki, hoton nan ya zauna daidai. Sai ya mayar da shi baya, ya ƙara murya don in ji inda yake cewa ruwa kamar ƙanwarsa yake, ya leƙo ta gefen ido ya ga yadda zan yi. Na yi dariya, na ce Allah ya isa tsakanina da shi, a gaban yara yake tona mini asiri. Ya yi ta ƙyaƙyatawa har da tari.

Yanzu kusan kullum sai ya kalle shi, wata rana ya ƙare ya sake. Duk sanda ya zo wurin barkwancin yakan ɗago ya dube ni. Idan na makara da dariya ko kaɗan, sai in ga kallon nan da yarinyar ta faɗa ya fara taruwa a fuskarsa. Shi ya sa ko ina tsakiyar aiki da allura a baki, da na ji ruwa ya fara tsiyaya nake cire ta in ajiye, in juyo da kujerata in shirya.